Basillar Tanimu

Hanci ne ya fara tafiya.
Shekara bakwai kafin komai,
Baba ya tsaya bakin majema, can gefen Mayo Kaliyaw,
inda warin ƙirgi ke korar baƙo tun daga nesa,
ya ce, "Yau sun wanke wurin nan ne?"
Muka yi ta dariya. Har maƙwabta Inna ta ba labari.

Sai babban yatsa ya soma murza ɗan'uwansa
kamar mai jan carbin da ido ba ya gani.
'Yan layinmu a kasuwar Marwa suka ce
Tanimu baduku ya ƙara tsoron Allah.
Basilla ce ta tona asiri:
ɗinkin da ke bin sahu kamar tururuwa
ya koma sawun ɗan akuya a kan laka.

Dakta Jaratu ta juya takardar magani,
ta zana kai a bayanta, ta ɗiga baƙin tawada can ƙasa.
Ta ce nan wata 'yar unguwa ce,
mazaunanta ƙwayoyi ne masu tatso wani ruwa,
dofamin sunansa.
Shi ke ce wa ƙafa tashi, ta tashi,
ya ce wa hannu isa haka, ya tsaya.
Kafin ka ga rawar farko, in ji ta,
da yawansu sun daɗe da mutuwa.
Baba ya dubi ɗigon, ya daɗe.
Ya ce, "Ashe an yi ta rashi a gidana,
ko gaisuwa ban karɓa ba."

Ya tambayi sanadi.
Ko feshin audugar da ya yi damina shida a Mindif,
tulu a baya, ba ƙyalle a hanci?
Ta ce masana na zargin irinsa,
suna duba gado,
suna bin wani sinadari mai dunƙulewa cikin ƙwayoyin
kamar gudajin tuwon da bai ji muciya ba.
Wanne ne naka, ta ce, ban sani ba.
Na ji daɗi da ba ta yi mana ƙarya ba.

Yanzu ƙwayar magani ke raba mana yini.
Daga Garwa take zuwa a motar safe,
jaka nawa, kada ku tambaya.
In ya haɗiya, sai mu zauna jira,
can sai fuskarsa ta dawo gida,
gira ta motsa, murya ta ɗaga,
ya ce miƙo jar fatar nan, maza.
Awa uku ne, wata ran biyu.

In ta sake shi, ko dokin ƙofa ya fi ƙarfinsa.
Ƙafa ta manne, ya tsaya yana gumi.
Na koyi ja masa layi da gawayi a ƙasa,
ɗaya, biyu, uku, har gindin darbejiya.
Abin mamaki, layi yana tsallakuwa,
fili ne ke gagara.

Da dare nakan karanta masa daga waya:
wai a nesa ana renon sababbin ƙwayoyi a faranti,
ana gwada dasa su inda na da suka mutu.
Ya ce, "Dashen masakwa ke nan.
A gaya musu sai ƙasa na da sauran laima."
Na ce har 'ya'yan karara ana aunawa.
Ya yi dariya har da tari:
"Wadda ta sa ni susa a bainar jama'a?"
Dakta ta hana mu taɓa ta da ka.

Jiya ya gama mata jakar hannu.
Gefe uku sun miƙe sar,
na huɗun ya kama shi magani na janyewa,
ɗinki ya yi ta tangaɗi har ƙarshe.
Na ɗauki aska zan farke.
Ya dafe hannuna da nasa mai rawa.
"Bar shi. Likita ce, za ta iya karantawa."